Lugude a Cikin Kwamfuta: Tarihin Wata Dabara

Duk wanda ya ga mata suna lugude a ƙauyukan Ƙaraye ko Rogo ya san tsarin: turmi ɗaya, taɓare biyu, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, ba mai karo da wata. Masu rubuta manhaja suna da irin wannan dabara, wadda suke kira korutin. Aiki ne da yake tsayawa da kansa ya ba wani dama, idan zagayensa ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Melvin Conway na Amurka ne ya raɗa mata suna a 1958, ya wallafa bayaninta a 1963. A birnin Oslo na Norwe kuma, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro harshen Simula 67, wanda ya kawo tsarin gina manhaja da "abubuwa", kowane abu da bayanansa da ayyukansa. Manufarsu kwaikwayon al'amuran duniya ce, kamar jiragen ruwa da ke jiran layi a tasha. Dole kowane jirgi ya iya jira ya kuma ci gaba, don haka abubuwan Simula suka zo da halin korutin tun daga haihuwa.

Daga baya aka raba tagwayen. C++ da Java suka gaji tsarin abubuwa, amma korutin bai shiga ginshiƙin C++ ba sai 2020. Harsunan rubutun umarni masu sauƙi sun riga su. A 1993 masu bincike uku na wata jami'ar Katolika a Rio de Janeiro ta Brazil suka ƙirƙiro Lua, kuma a 2003 suka saka masa korutin. Python ma ya faɗaɗa nasa a 2015. Shi ya sa a wasannin kwamfuta da aka gina da Lua, mai gadi yakan zama abu mai riƙe da sunansa da ƙarfinsa, korutin kuma ya sa shi ya yi taku, ya dakata, sauran su motsa.

Waɗannan mutane sun ga sabon abu, suka nema masa suna. Mu ma idan muka bar ilimin kwamfuta ba suna a Hausa, yaran Ƙaraye da Rogo za su haddace shi ba tare da fahimta ba. Wace kalma kuke ganin ta fi dacewa: lugude ko karɓa-karɓa? Allah ya ƙara mana basira.