Inda Kwara Ta Sauke Kayanta

'Yan'uwa, da yawanmu mun shekara ashirin ko talatin a Fatakwal, Warri da Yenagoa, amma ba mu san tarihin ƙasar da muke takawa ba. To, ga kaɗan daga ciki.

Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya taso. Sai ya yi tafiyar kilomita wajen 4,180 kafin ya ga teku. A hanya yana karɓar ruwan Sakkwato da na Kaduna, a Lokoja kuma ya haɗu da Binuwai. Da ya wuce Aboh sai ya rabu biyu, Nun da Forcados, waɗannan kuma su yi ta 'ya'ya har bakin teku. Laka da yashin da yake ɗaukowa, nan yake sauke su. Shekaru dubbai ana haka har ƙasa ta samu. Ashe ke nan akwai turɓayar gida a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Kusa da teku ruwan gishiri ne da taɓo, da itatuwa masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo, inda kifi ke ƙyanƙyasa. Can ciki kuwa fadamun ruwan daɗi ne da kwakwar manja. Shi ya sa Ijaw da Itsekiri suka riƙi kwalekwale kamar yadda muka riƙi jaki.

Turawa sun daɗe suna ciniki a bakin rafukan nan ba su san bakin Kwara ba ne, sai a 1830 da Richard Lander da ƙanensa John suka gangaro daga Bussa suka fita ta Nun. Daga nan kwaɗayin manja ya ƙaru. Sarakunan da suka tsaya kan cinikinsu sun ɗanɗana kuɗarsu: an kama Jaja na Opobo a 1887, an ci Nana na Itsekiri da yaƙi a 1894, Koko na Nembe kuma ya far wa kamfanin Turawa a Akassa a 1895.

A 1956 aka samu man fetur a Oloibiri. Arziki ya zo, amma malalar mai ta kashe kifi da gonaki, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011. Ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa ba ta tambayi kowa garinsu ba.

Don haka idan masu masaukinmu suna kukan ruwansu, mu saurara da kunnen basira. Kifin da muke ci da ruwan da yaranmu ke sha, duk daga nan suke.