Jamie Vardy

Jamie Richard Vardy (an haife shi ranar 11 ga Janairu, 1987, a Sheffield) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Ingila mai buga gaba.

Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, sai ya koma ƙaramar ƙungiyar Stocksbridge Park Steels, yana wasa yana kuma aiki a masana'anta. Daga nan ya buga wa Halifax Town da Fleetwood Town.

A 2012 Leicester City ta saye shi kan fam miliyan 1. Ya ci ƙwallo a wasanni 11 a jere a kakar 2015/16, wadda ƙungiyar ta lashe gasar Firimiya. Ya yi wasa tare da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars. Ya bar Leicester a 2025 da ƙwallaye 200.