Lilin: Yadin da Sai An Ruɓar da Kara Ake Samunsa

Duk wanda ya taɓa ganin an jiƙa rama a tafki har ɓawonta ya saki, ya san rabin aikin lilin. Tsiron da ake samun wannan yadi daga jikinsa siriri ne mai shuɗin fure, tsayinsa kamar mita ɗaya, kuma yakan isa girbi cikin kwana 100. Zaren yana ƙarƙashin ɓawo, wani danƙo ya manne shi da kara. Ba ya fita sai ƙananan halittu sun cinye danƙon.

Misirawan dā sun san haka. Zanen da ke bangon kaburburansu ya nuna manoma suna tuge tsiron da saiwarsa maimakon su yanke, don kada zare ya gajarce. Wata rigarsu da ake kira Rigar Tarkhan, wadda ke gidan tarihi na Petrie a Landan, ta haura shekara 5,000, kuma da lilin aka saƙa ta. Da shi ne ma suke naɗe gawarwakin sarakunansu.

Tun daga lokacin jerin aikin bai canza sosai ba: a tuge, a kaɗe iri, a jiƙa, a shanya, a farfasa kara, a buge ɓawo, sannan a taje zaren da matajin ƙarfe. Gwaninta kuwa a jiƙon take. In aka yi gaggawar tsamewa zare ya ƙi rabuwa. In aka yi jinkiri ya ruɓe tare da karan.

Nan kogin Lys na Beljiyam ya yi suna. Ruwansa mai tafiyar hawainiya ne, ya dace da jiƙo, har a ƙarni na 19 aka riƙa kiransa kogin zinariya saboda arzikin da ya jawo wa garin Kortrijk. Ana cusa dammuna a manyan akwatunan katako, a danne su da duwatsu a nutsar. Sai dai warin ba a magana, kifi ma bai tsira ba, daga baya hukuma ta hana.

Kaɗi ne ya daɗe yana gagarar inji, shi ya sa auduga ta sha gaban lilin. A 1810 Napoleon ya sa ladar faran miliyan ɗaya ga wanda zai ƙera injin kaɗin. Philippe de Girard ya ƙera, amma ko sisi bai gani ba. Daga baya ya koma Poland, inda garin Zyrardow ke ɗauke da sunansa har yau.

Yanzu Faransa ce kan gaba a noman, musamman yankin Normandy. Ba a kai kara kogi kuma. Shimfiɗa shi ake yi a gona makonni, raɓa da ruwan sama su yi aikin, ana juya shi. Manomi kan murza kara a tafin hannu ya gane ko lokacin kwashewa ya yi, sannan a yi lodin mafi yawan zaren zuwa masana'antun kaɗi na ƙasar Sin.