Daga gudajje zuwa ɗan gudun hijira

Bahaushe bai taɓa yi wa masu gudu kuɗin goro ba. Mai laifin da ya ɓace, a ce ya arce ko ya sulale. Wanda ya kuɓuce wa mai tsaronsa ya tsere, wanda ya fito daga bakin mutuwa kuma ya tsira. Har inda mutum ya dosa ana ji a kalmar: ya gudu can, ya gudo nan wurinmu.

A zamanin bauta, sunan da ya fi muni shi ne gudajje. Bawan da ya bar rinji da dare, cigiyarsa ake yi, don dukiya aka ɗauke shi. Hanyar da aka yarje masa ita ce murgu, wato ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu yana neman na kansa, har ya tara kuɗin fansa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, bayi masu yawa suka watse daga rinji, wasunsu ma suna cikin boren Satiru na 1906. Sai a 1936 doka ta soke bauta a Arewa.

Hijira kuwa da martabarta ta zo. A watan Fabrairun 1804, da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa, jama'arsa hijira suka kira tafiyar, koyi da fitar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina. A 1805 suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Sarkin Musulmi Attahiru ma hijira ya yi zuwa gabas a 1903, ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran jama'a Sudan.

Wannan martabar ce "ɗan gudun hijira" ya gada, sunan da yau ake kiran mutanen ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara da 'yan bindiga suka tasa. Uwa da goyo a baya, tabarma da tukunya a ka, ta kwana a ajin firamare. Tun daga 2019 dubbai daga Zamfara, Sakkwato da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi.

Mutanen garuruwan maƙwabta, duk wanda ya gudo muku, ku karɓe shi yadda mutanen Madina suka karɓi baƙinsu.