Wasan Yara a Littattafan Magabata

Wasu iyaye suna kawo mana ƙorafi cewa muna barin yara 'yan shekara biyar su yi wasa a harabar makaranta bayan darasi, wai wannan ɗabi'ar boko ce. To, bari mu duba tarihi.

A birnin Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, Muhammad ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta Adabul Mu'allimina a kan ladubban malamin yara. Bamalike ne irinmu, ɗan mai Mudawwana. Ya hana malami dukan yaro cikin fushi. Ya ƙayyade bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, kuma ba a taɓa kai ko fuska. Ya ware wa yara hutun ƙaramar sallah da babba. Daga wannan birnin ne kuma Risala, wadda muke karantawa kullum, ta zo mana, ita ma don yara aka tsara ta.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, shi ya fi fitowa fili. A cikin Ihya'u ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya tashi daga karatu, don ya huce gajiya. Ya yi bayani cewa hana shi wasa da tsare shi kan allo dare da rana yana kashe masa zuciya, ya dakushe basirarsa, har ya fara neman dabarar gudun makaranta baki ɗaya. Duk malamin da ya taɓa aika manyan ɗalibai su kamo yaro a bayan kasuwa ya san wannan dabarar.