Mai Kiran Taro Ya Zama Mai Kujera: Tarihin Wata Kalma a Sikotilan

'Yan'uwa marubuta, mun saba da kalmar "ciyaman" har ta zama tamu, domin daga bakin Turawan Ingila muka karɓe ta. Amma da za mu leƙa arewacin tsibirin Birtaniya, wato ƙasar Sikotilan, sai mu tarar ba haka suke kiran shugaban kwamiti ba. Su "convener" suke cewa, wadda a bakinmu za ta fito kamar "kwambina". Mutanen nan suna da harshen da ake kira Sikot, ɗan'uwan Ingilishi ne na jini, kuma a cikinsa ne kalmar ta sami wannan matsayi.

Asalinta daga Latin ne, daga "convenire", wato haɗuwa wuri guda, ta biyo ta Faransanci. To, ma'anarta ta farko ita ce wanda yake kiran mutane su taru, ba wanda yake mulkinsu ba. Akwai kuma wata tsohuwar kalma, "preses", ita ma daga Latin, mai nufin wanda ya zauna a gaba yana jagorancin zama. Sannu a hankali mai kira ya gaje kujerar mai zama, ita kuwa "preses" ta ja da baya, sai a tsofaffin takardu da 'yan ƙungiyoyin gargajiya.

Masu sana'a ne suka fara ɗaukaka ta. A birnin Gilasgo an daɗe ana takun saƙa tsakanin fatake da masu sana'ar hannu kan wa zai riƙe gari. A 1605 aka rubuta takardar sulhu: fatake suka sami shugabansu, ƙungiyoyin sana'a 14, irin su maƙera da masaƙa da madinka da mahauta, su ma suka sami nasu, wanda ake kira "Deacon Convener". Kowace sana'a da shugabanta, shi kuwa aikinsa ya tara su su yi magana da murya ɗaya. Har yau ana naɗa wannan muƙami a birnin.

Daga birni sai ta shiga karkara. A 1667 aka kafa kwamishinonin tara harajin ƙasa a kowace gunduma daga cikin masu filaye, kuma mai kiransu taro da wannan suna aka san shi. Da Sikotilan ta haɗe da Ingila a 1707, majalisarta ta rufe, amma yarjejeniyar ta bar mata dokokinta da cocinta. Nan ne kalmar ta fake, domin kwamitocin cocin ƙasar da na gundumomi ba su daina amfani da ita ba. Dokar 1889 ta kafa majalisun gundumomi, suka fara aiki a 1890, aka kuma ba shugabanninsu wannan laƙabi. Hatta Alex Salmond, da aka zaɓe shi ya ja ragamar jam'iyyar 'yan kishin Sikotilan a 1990, sunan muƙaminsa "National Convener" ne, sai a 2004 jam'iyyar ta sauya shi.

A 1999 majalisa ta sake buɗewa a Edinbara da wakilai 129. Masu tsara ƙa'idojinta ba su ari "ciyaman" daga Landan ba, sai suka ɗauko kalmar gida. Wani abin sha'awa kuma, kalmar ba ta nuna namiji ko mace, don haka ta raba su da gardamar da "ciyaman" ta jawo wa masu Ingilishi. Ana raba kujerun kwamitoci tsakanin jam'iyyu gwargwadon yawan wakilansu, kuma an hana ɗan jam'iyyar da ke cikin gwamnati riƙe kwamitin binciken kuɗin jama'a. Ai ba a ba kura ajiyar nama.

Abin lura a gare mu masu alƙalami shi ne, majalisar ƙasa ta yi shekara 292 a rufe, amma kalmar ba ta mutu ba, saboda akwai akawuna da sakatarori da suka ci gaba da rubuta ta a littafin taro. Kuma duk wanda ya hau kujerar, sunan da ake kiransa da shi yana tuna masa cewa taron na waɗanda ya kira ne, ba nasa ba.