Yadda waya ke tantance sunan shafin intanet kafin ta miƙa masa sirri

Duk lokacin da ɗan kasuwa a kasuwar kifi ta Haɗeja ya buɗe shafin bankinsa, ko ma'aikaci ya shiga shafin gwamnati mai adireshin da ya fara da https, akwai binciken da wayarsa ke yi cikin ƙiftawar ido. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin takan gabatar da takardar shaida ta lantarki, wadda wani amintaccen kamfani ya sa wa hannu. Sai wayar ta duba sa hannun da wa'adin takardar, sannan ta gwada sunan da ke cikinta da adireshin da aka nema.

Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin. Tsarin TLS, wanda ya gaji SSL na kamfanin Netscape a 1999, yana lulluɓe saƙo ta yadda na kan hanya ba zai iya karantawa ba. To amma ɗan damfara ma yana iya mallakar sahihiyar takarda da sunan nasa shafin. Idan ya tare hanya, kuma ba a gwada suna ba, shi za a miƙa wa lambar sirrin, tamkar ɗan aike da ya damƙa kuɗi ga duk wanda ya nuna katin ɗan ƙasa ba tare da ya karanta sunan ba. A 2012 masu bincike a jami'o'in Stanford da Texas a Amurka sun gano manhajoji da dama, har da na biyan kuɗi, da ke wannan sakaci.

Takarda ɗaya tana iya ɗaukar jerin sunaye, kuma tun 2017 manhajar Chrome wannan jeri kaɗai take dubawa. In sunan bai yi daidai ba, sai gargaɗi ya rufe fuskar waya. Danna maɓallin ci gaba a shafin banki bayan irin wannan gargaɗi ganganci ne.

Sai dai gwajin bai san gaskiyar mai shafi ba. Wanda ya yi rajistar suna mai kama da na banki, da bambancin harafi ɗaya, zai iya samun takarda kyauta, wayar kuma ta amince. Saboda mutane na ɗaukar alamar kwaɗo a matsayin shaidar amana, Google ya cire ta daga layin adireshin Chrome a 2023.